Hayar Saman Bene a Jaipur

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, ko ruwa na tashi sha sai wata ta riƙo mini mayafi: "Malama Saratu, wai da gaske haka Indiya take?" Gidan suna haka, gidan biki haka, har mai awon da nake sayen shinkafa a wurinsa ya taɓa tambayata ko na ga inda suke rawa a kan duwatsu. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata. Amma ku sani tun yanzu, ban ga rawa ba, ban ga ƙanƙara ba. Zafi na gani, da gidan haya, da wata tsohuwa.

Maigidana, Malam Bashir, malamin aikin gona ne a Bakura. Ya samu gurbin ƙaro karatu na shekara biyu kan noman rani a wani birni da ake kira Jaipur, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa. A lokacin 'yarmu ɗaya, Ummi, ba ta cika shekara biyu ba, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Da muka je Bakura sallama, Inna, wato uwar mijina, ta ɗora yarinyar a cinya ta ƙi sauke ta.

"Shi dai shi tahi karatunai, mun ji," in ji ta. "Ke mi za ki yi can? Ƙasad da ba dangin iya ba na baba, ki kwashi ɗiya ƙarama ki kai ta?"

Na ce, "Inna, a dai sa muna albarka."

"Albarka kuna da ita. Amma kai Bashiru ji ni da kyau. Ran da ɗiyagga tay yi ciwo, ka aza su jirgi ita da uwatta ka maido mani su."

Malam ya ce ya ɗauki alkawari. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai ladabi, a zuciyata ina cewa sai dai in ɗaure ni za a yi.

Ni na yi wa kaina sayayya. Duk abin da na sani game da Indiya a finafinai na gan shi, kuma a can kullum mutane cikin rigunan sanyi suke, suna birgima a kan ƙanƙara. Ranar kasuwar Talata na shiga na jido manyan barguna, da hular sanyi da safar Ummi, ana tsakiyar bazara, mai kayan yana kallona yana sharce gumi. Malam ya ce ya duba a waya, an ce garin akwai zafi. Na yi dariya. Na ce wanda ya yi azumi a Mafara cikin watan Afrilu, wane zafi kuma za a nuna masa? Shi ma ya ga gaskiyata. Nasa aikin shi ne neman gida. Wani dillali da ɗaliban can suka haɗa su ya turo masa hoton ɗaki a can ƙololuwar bene mai hawa uku, da ɗan fili a gabansa, ana hango gari kaf, ga sauƙin kuɗi. A wajenmu wa ke kwana a saman bene in ba mai hali ba? Nan take Malam ya kama, muka yi ta nuna wa dangi hoton.

Sallama ta ƙarshe a Maradun na yi ta, wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Ta ɗauko wata roba cike da dambun nama ta danna mini a jaka.

"An ce mani mutanen can ba su cin naman shanu, shi ya sa na sa anka yanka rago. In kin isa ki ɗiba ki kai ma masu gida. Kak ki shiga gidan mutane hannu rabbana, a ce ba mu yi maki tarbiyya ba."

Motar Kano muka shiga daga tashar Mafara. Direban, wani ɗan Jangebe mai barkwanci, ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga sosai, kun dai san yadda hanyarmu ta koma. Akwai wuraren da in an iso barkwancin ke ɗaukewa, kowa ya kama carbi, ba ka jin komai sai kukan inji. Sai da muka shiga ƙasar Funtua wata mata ta kwance ƙullin gyaɗa ta zagaya da shi, aka dawo hira. A filin jirgin Kano aka aza kayanmu a sikeli aka ce sun yi nauyi, sai an rage. Na tsuguna a gaban jama'a na buɗe jaka. Na fitar da man shanu, na fitar da garin ɗanwake, na fitar da 'yan riguna marasa nauyi da na ɗinka, na ba yayan Malam da ya rako mu. Barguna kam ban taɓa su ba.

A Habasha muka sauya jirgi, kuma can da sanyinsa, har haƙorana na haɗuwa. Na zaro hular Ummi na sa mata, na dubi Malam ta gefen ido. Ya ce, "Na ji, kin hi ni gaskiya." Na daɗe ban sake jin wannan maganar daga bakinsa ba.

A Delhi jami'in shige da fice ya karɓi fasfo da katin rigakafi, ya dube ni, ya dubi hoto, ya buga hatimi. Na tambaye shi da Turanci ko in wuce. Sai ya kaɗa kai gefe da gefe, irin yadda muke yi in abu ya ba mu takaici. Ina nan tsaye kamar an dasa ni sai da Malam ya dawo ya ja jakata, ya ce haka suke cewa to. Mai duba kaya kuwa jakar abinci ya zaɓa. Ya ɗaga kuka ya shinshina, ya ɗaga busasshiyar kuɓewa, sannan ya kwance ƙullin daddawa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ja da baya, ya yi mini alama da hannu in rufe in tafi, dambun Gwaggo yana can ƙasa bai kai gare shi ba.

Da ƙofar filin jirgin ta buɗe, wata iska ta daki fuskata. Wallahi na ɗauka inji ne ke hura zafi a bakin ƙofar, har na matsa gefe in kauce masa. Na matsa, na ƙara matsawa, sai na ga ashe ko'ina haka ne. Ummi ta fizge hular da kanta ta yar.

Daga nan babbar mota muka bi zuwa Jaipur. Ƙasar ba ta ba ni mamaki ba, busasshiya ce mai ƙaya, kamar ta wajen Damri da rani, har da raƙuma suna jan amalanke. Shanu ne suka ɗaure mini kai. Ga su nan kwance a tsakiyar titi suna tuƙa, ba makiyayi ba sanda, motoci suna kewaye su da ladabi. Matan da ke kan babura duk sun naɗe fuska da hannuwa, sai idanu, na ce wa Malam ashe suna da kunya haka, ya ce rana suke gudu. Inda muka tsaya hutawa kowa shayi yake sha cikin wannan zafin, a wasu 'yan kofuna na yumɓu, in an shanye a jefar a fasa. Ni ban iya ba. Na goge nawa na sa a jaka, mai shayin yana yi mini dariya.

Dillalin ya tarye mu a bakin layi da baki cike da zuma. Dillali dai ko'ina kamarsu ɗaya. Mai gidan wata tsohuwa ce gajeriya, gashinta fari fat, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa. Kowa Anti Kamla yake ce mata. Ita kaɗai ce a ƙasa, hawa na tsakiya kuma wasu ɗalibai ne da ba sa wuni gida. Muka cire takalma muka gaishe ta. Ƙasan nata ginin dutse ne mai kauri, ga bishiyar dogon yaro a tsakar gida, sanyin daɓen har ya ratsa tafin ƙafata. Kusa da ɗakinta akwai wani a kulle. Ta dubi Ummi, ta dubi dillali, ta faɗa masa wata magana da yarensu, ya amsa da sauri ya ce mu hau.

Muna hawa zafi na ƙaruwa. Da muka kai sama dillali ya sa gefen rigarsa ya kama mariƙin ƙofa, don ba ya taɓuwa da hannu. Hoto bai yi ƙarya ba, ana hango gari. Abin da hoto bai faɗa ba shi ne wuni guda rana tana dukan rufin da bango huɗu, ba wata inuwa. Daɓen ba ya takuwa ba takalmi. Ruwan famfo daga wani baƙin tanki yake saukowa, in ka tara hannu za ka yi alwalar azahar sai ka janye ba shiri. Man shafawata ya narke ya koma ruwa. Fanka tana juyawa, amma zafin take kwasowa daga sama ta watso maka. A gida in rana ta kai maka ko'ina ka shiga ɗakin ƙasa ko gindin bishiya, da yamma iska ta taso daga fadama ka samu sa'ida. A can iskar ce ma abin gudu, har suna suka ba ta. Daga baya ɗalibai suka gaya mana cewa ba mai kama ɗakin sama da bazara, sai baƙon da bai sani ba.

Washegari na tuna da saƙon Gwaggo. Na zaɓi kwanona mafi kyau, na cika shi da dambu har ya yi tozo, na rufe, na goya Ummi na sauka. Na tarar da Anti Kamla zaune a kan gadon igiya tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa da hannu biyu. Ta yi murmushi, ta buɗe, ta ɗan mutsuttsuka da yatsu, ina jin ta ɗauka wani irin yaji ne. Turancinta guntu-guntu ne, kamar nawa Indiyancin na fim. Ta tambaye ni mene ne. Ni kuma don in kwantar mata da hankali na ce ba na saniya ba ne, na rago ne, har na kwatanta mata ƙahonsa da hannu.

Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe da sauri haka ba. Ta saki kwanon, ta nufi famfo tana wanke hannu tana sake wankewa, tana ta faɗa. Ta zubar da shinkafar da take tsincewa, ta ɗebo ruwa ta wanke inda kwanon ya taɓa. Na kwashi kayana na hau sama. Kafin la'asar dillali ya iso. Ashe ita ba saniya kaɗai ba, duk abin da ke numfashi ba ta ci, ko ƙwai bai taɓa shiga gidan ba, kuma ta gindaya masa wannan sharaɗin shi ya haɗiye don ya samu mai kama ɗakin. Ta ce ƙarshen wata mu nemi wani wuri.

Na ji kunya, na kuma ji haushi. A garinmu ko maƙiyinka ya kawo maka abinci ka karɓa ka yi godiya, in ya tafi ka ba kaji. Malam bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, dama ɗakin ba na zama ba ne."

Sai ya shiga neman gida. Da safe ya je makaranta, da rana tsaka ya bi layi-layi. A waya a ce masa akwai ɗaki, in ya je suka ga fuskarsa a ce yanzun nan aka kama. Wasu su tambaye shi ƙasarsu, wasu su tambaye shi abin da yake ci, su rufe ƙofa. Unguwar Musulmi tana can wani gefen gari, nesa da makarantarsa, kuma ɗakunan ƙasa duk da mutane. Kullum ya dawo leɓensa a tsage, ya zube a bakin ƙofa bai iya ko magana.

Ni kuma na koyi dabarun zama. Girki tun da asuba nake gamawa. Na sayo tulu a bakin titi, irin namu sak, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Muka samo wani akwatin ƙarfe mai fanka a ciki da ciyawa a gefe, ana ɗura masa ruwa yana huro ɗan sanyi, amma a ɗakinmu kafin iskar ta iso gado ta ɗumame. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa an ce wayar wutar saman ba za ta ɗauka ba. A nan barguna suka yi rana. Na riƙa tsoma su a ruwa ina ratayawa a taga da ƙofa, in sun bushe in sake. Malam ya dube su suna ɗiga ya ce, "Ashe dai kin san abin da kike yi." Da magariba mu yayyafa wa filin ruwa, mu jira hucin ya fita, mu shimfiɗa tabarma a waje, kamar yadda muke gani maƙwabta suna yi a nasu rufin.

Mu manya mun jure, Ummi ce ta kasa. Ƙurajen zafi suka feso mata daga wuya har gadon baya. Ta daina wasa, ta daina cin abinci, sai kuka marar hawaye. Ran nan na ɗaga ta na ji ta yi laƙwas, idanunta sun faɗa. Muka kwasa sai asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitar mace ce, ta tambayi inda muke zaune, da muka faɗa mata ta ajiye biro.

"Da yarinya ƙarama a ɗakin sama? Damina da saura. Ko ku sauko da ita ƙasa, ko ku fitar da ita daga garin nan."

Da aka sallame mu muka dawo, Malam ya zauna a bakin gado ya dube ni.

"Saratu, na yi ma Inna alkawari. In Jumu'a ta yi ban samu ɗaki ba, za ni yanka maku tikiti."

"Kai kuma hwa?"

"Ni in koma ɗakin ɗalibai in gama abin da ya kawo ni."

Na ce masa, "Ina kamar Ummi babana ya tahi Kudu neman kuɗi. Ran da ya dawo ya miƙo hannu shi ɗauke ni, na ruga na ɓoye bayan tsohuwata ina kuka. Har ya rasu ban saki jiki da shi ba. Ba ni son ɗiyata ta yi ma haka."

Ya ce, "Na hi son ta manta ni da ranta."

Na fita fili na yi kukana, don gaskiyarsa ce, kuma ba abin da ya fi ciwo irin a kayar da kai da gaskiya.

Abin da ya fi damuna a kwanakin shi ne cikin yarinyar. Ba ta son gurasarsu, ba ta son miyar wakensu mai yaji, shinkafa ma sai ta kau da kai. A gida fura take sha. Ina tsaye a shagon bakin layi ina sayen sabulu sai na hangi wani buhu a buɗe, na sa hannu, sai murna ta kama ni. Gero ne, irin namu, har da niƙaƙƙen garinsa. Nono kuwa dama sun iya shi, kindirmonsu ba baya ba. Na sayi garin, na sayi sabuwar tukunya da wani ɗan turmin ƙarfe da suke daka yaji a ciki. Na kwaɓa, na cura, na dafa. Lokacin da ta dahu rana ta take, garin ya yi tsit, don a can tsakanin azahar da la'asar kowa barci yake, ko shago ba a buɗewa. Ummi tana kukan yunwa, ni kuwa ban tsaya lissafin barcin kowa ba. Na girke turmi a kan daɓe na hau kirɓi.

Turmin ƙarfe a kan siminti, ashe har ƙasa gidan yake amsawa. Na gama ke nan na dama, Ummi ta kama kofi da hannu biyu tana zuƙa, sai na ji numfashi sama-sama a matakala. Anti Kamla ce, ta dafa gwiwa, fuskarta a murtuke. Tun da muka zo ba ta taɓa hawowa ba. Ta ɗaga bargon ƙofa ta shigo da faɗanta a baki, sai hucin ɗakin ya tare ta. Ta dubi bargunan da ke ɗiga, ta sa tafin hannu a bango ta janye. Ta dubi Ummi, da ƙurajen wuyanta, da filastar da ke bayan hannunta inda aka sa allura. Sannan ta nuna kofin.

"Nama?"

Na ce a'a. Na jawo ledar garin na nuna mata, na nuna nonon. Ta ɗebi garin ta shinshina, ta sunkuya ta shinshina abin da ke kofin, ta ambaci wani suna da yarensu. Ta juya ta sauka a hankali. Na ce shi ke nan, yau ko ƙarshen watan ba za mu kai ba.

Da safe sai ga ɗaya daga cikin ɗaliban tsakiya da wani kwanon tagulla, ya ce in ji Anti a ba yarinya. Na buɗe. Garin gero ne aka dafa cikin tsala, ya kwana a tukunyar ƙasa ya yi sanyi, da ɗan gishiri a madadin sukari. Ummi ta shanye tas. Na zauna ina kallon kwanon. A gidanmu ba a mayar da kwano haka nan. Na sake dafa fura a sabuwar tukunyar, wannan karon da hantsi na kirɓa, na mulmula manya guda uku na barbaɗe su da gari, na sa a kwanonta. Malam ya ce, "Za ki sake jawo muna wata." Na ce wadda ta fi wadda muke ciki?

Na same ta a gindin dogon yaro. Na ajiye kwanon nesa da ita kaɗan, na zauna a ƙasa, na yi mata gaisuwa irin tamu, ta kwana da ta gajiya da ta ƙafa, rabi Turanci rabi hannu. Na nuna mata tukunyar sabuwa ce, ba abin da ya taɓa shiga cikinta sai gero. Ta ɗan gutsura ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi. Sai ta shiga ba ni labari, abin da na tsinta shi ne ita 'yar ƙauye ce daga can cikin rairayi, da gero da nono aka raine ta, 'ya'yanta kuwa sun zama 'yan birni ba mai sha. Na bari ta gama. Sannan na nuna ɗakin da ke kulle.

"Anti, ki ba mu wannan. In ba ki ba mu ba, jibi za a mayar da ni da yarinyar ƙasarmu, ubanta ya zauna shi kaɗai. Na yi miki alkawari nama ba zai shigo gidan nan ba, ko kifi, ko ƙwai."

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu."

Ta ce ɗakin mijinta ne, tun da ya rasu ba wanda ya kwana a ciki. Ta daɗe tana kallon Ummi, wadda ta sauka daga bayana ta kwanta rub da ciki a kan daɓen mai sanyi, ta manna kumatu. Sai tsohuwar ta kwance makulli daga bakin zanenta ta ajiye a gabana. Ta ɗaga yatsa ta ƙara sharaɗi ɗaya: ba daka da rana.

Ban san lokacin da na hau benen nan ba. Na ajiye wa Malam makullin a kan littafinsa. Ya dube shi, ya dube ni, na faɗa masa abin da na ɗauko mana. Ya ce, "Shekara biyu ba nama? Ni ɗan Bakura?" Na ce in ya matsu ya je unguwar Musulmi ya ci tsirensa, ya wanke baki ya dawo. Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun Habasha, idanunsa kuma sun kawo ruwa. Ranar muka sauko da kaya. Ummi ta yi barci tun azahar har magariba, ina zaune kusa da ita ina taɓa goshinta ina jin sa da sanyi. Da Malam ya kira Inna bai ɓoye mata komai ba, ya ce yarinya ta yi ciwo, ta warke, an sauya ɗaki, ya juya wayar ta gan ta tana bin ƙadangare a tsakar gida. Inna ta yi 'yan ƙunƙuninta ta ce a dai kula.

Haka muka zauna. Damina ta sauka, yara da manya suka fito titi suna jiƙa da gangan. Sanyi ma ya zo a lokacinsa, mai shiga ƙashi. Na iya miyar wake kala-kala, na iya murza gurasarsu, ita kuma Anti Kamla ta kamu da son miyar kuka, muddin ba daddawa. Bazara ta biyu ko a jikinmu. Alkawarina ban karya ba ko sau ɗaya. Da Babbar Sallah ta zagayo a shekara ta biyu, ana gobe sai na ga tsohuwar ta fito da jakarta. Ta ce za ta je wurin 'yarta ta kwana uku, abin da ba ta gani ba ba ta sani ba, in dai ta dawo ta tarar an wanke mata tsakar gida. Na gode mata har zuciya, amma a gidan abokan Malam muka ci layyarmu. Ranar da za mu taho ta rungume Ummi ta ƙi saki, mu duka muka yi kuka, har Malam.

Mun sauka Bakura da yamma, gidan cike da dangi, kowa na son ya ɗauki Ummi. Yarinya ta ga taron da ba ta sani ba, ta ruga ta shige tsakanin ƙafafun ubanta, ta ƙanƙame rigarsa tana kiran Abba. Ya ɗaga ta, ta cusa fuska a wuyansa. Ina tsaye da jaka a hannu na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka ba shi takardar gama karatu.

Inna ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Ɗiyagga ba ta san kowa ba sai ubanta." Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Ke kuma aje jakag ga ki zo ki ci nama, duk kin bushe."

Na zauna na ci, har na sa aka ƙaro.